Zaren Hajara

Daren Laraba, bayan kaka, 1956

Yau na biya haraji. Da har na ɗaure kayana zan tafi Jos haƙar kuza, don cikon sule huɗu ya gagare ni. Da asuba matata Hajara, da tsohon cikinta, ta miƙo mini ƙullin tsumma da kuɗi a ciki. "Malam, kai wa mai unguwa." Ashe zaren da ta yi wata uku tana kaɗawa don zanen fitar suna ta sayar.

Na ce, "To, ranar sunan fa?"

Ta ce, "Kai dai a yi kana gida."

Yanzu ta yi barci. Ni kuwa ina ta hango ta a tsakiyar mata cikin sabon saƙi mai ƙamshin rinin baba, jariri a cinya. Ban san inda zan samo kuɗinsa ba, amma har na zaɓi masaƙin.