Hoton Furera a Kwanar Dangora

Kiru, ƙasar Kano,
watan Mauludi, 1956.

Zuwa ga ƙanena Shitu, a Zangon Kumasi.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya da rufin asiri, ya kiyaye ka daga sharrin hanya da na baƙunta, ya sa albarka a cikin fataucinka. Mu nan sai godiya. Inna tana nan da ƙarfinta, in ban da gwiwa da ke damunta, amma bakinta lafiya lau, ka dai san ta. An yanke gero, dawa ta sunkuya, gyaɗa kuwa bana ta yi fiye da bara. Matarka Saude tana lafiya, Bala da ka bari a goye yanzu shi ke korar awaki daga shanya. Malam Idi mai ajin yaƙi da jahilci ne ke rubuta mini, na kuwa ce masa kada ya gyara mini magana ko ɗaya, yadda na faɗa haka nake so ka ji.

Wasiƙarka da goron da ka aiko sun iso, Allah ya saka da alheri. Da aka karanta mana sai da na yi dariya, don ka gai da Inna, ka gai da maƙwabta, ka tambayi Bala, har jakin Habu sai da ka tambayi ƙafarsa. Mutum ɗaya ka tsallake, 'yarka ta fari. Ban ga laifinka ba, haka muka taso muka tarar, uba ba ya kama sunan ɗan fari, uwa ba ta duban fuskarsa a gaban mutane. Shi ya sa tun da aka yaye Furera aka miƙo mini ita, ni ce uwar ni ce uban. To, yau maganarta ce ta sa na zaunar da Malam Idi, sai ka daure ka saurara ko da kanka a sunkuye.

Ƙyandar da ta shigo garin nan da bazara ta kama ta. Ta tashi, amma ciwon ya bar mata hakiya a idon hagu, ya yi fari fat, ba ta ganin komai da shi. Na daman ma ya fara hazo, abu sai ta kawo shi dab da hanci take gane shi. Mun yi na gida har mun gaji, sannan malamin asibiti ya ba mu takarda muka kai ta asibitin ido a birni. Likita ya duba, ya ba da maganin ɗigawa, ya ce a mayar da ita bayan wata biyu za su yi aiki a na daman. Bai ɓoye mana ba, ya ce mai yiwuwa idon ya buɗe, mai yiwuwa kuma ɗan ganin da ya rage ya tafi gaba ɗaya. In kuma an bar shi, tafiyar zai yi a hankali. Shitu, tsoro nake ji, ba zan yi maka ƙarya ba. Yarinyar da ke tsince mini tsakuwa a shinkafa yau ita ke lalube ta nemi bakin ƙofa.

A hanyarmu ta dawowa ne malamin asibitin ya ba mu labarin wani mai hoto, Bayarabe, sunansa Lamidi. A Riruwai yake zaune yana ɗaukar leburorin kuza hoto, amma ranar kasuwa yakan zo Kwanar Dangora ya kafa akwatinsa. An ce duk yaron da za a kai asibiti ya daɗe, yakan ɗauke shi tare da danginsa kyauta, ya ba yaron ɗaya ya tafi da shi, ya ba gida ɗaya. Dalili kuwa, wai ɗansa ya rasu a gadon asibiti, shi da ke ɗaukar duniya bai taɓa ɗaukar nasa ba. Ni da farko na ce hoto aikin sojoji ne da masu neman aikin En'e. Furera ce ta nace. Da na tambaye ta me za ta yi da shi, sai ta ce so take ta ga fuskar Adda sosai, don ta san ƙeyarta, ta san gefen kunnenta, amma duk sanda ta matso Adda sai ta juya. Ka san da Adda take kiran uwarta, kamar yadda ake yi a rugarsu Saude can Burumburum. Tashi na yi na shiga madafa kamar na bar wani abu a wuta.

Sai da muka sha fama kafin Inna ta yarda. Ta ce ita ba za ta tsaya wani ƙato ya cusa kai cikin baƙin zane yana leƙenta ba. Malam Idi ya ce mata ai ko masu zuwa Makka yanzu sai an ɗauke su, sannan ta sauko, kuma ranar tafiya ita ce ta fara ɗaura zanenta na saƙi. Muka hau motar gyaɗa mu biyar, ni da Inna da Saude da yaran. Mun tarar da Lamidi a gindin wata ɗorawa, ya rataya labule mai zanen bene a bayansa, ga akwatin a kan ƙafafu uku, ga bokitin ruwa a gefe. Mutum ne mai fara'a, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan birni gudu. Ya durƙusa ya gai da Inna, ya tsuguna gaban Furera ya tambaye ta sunanta, bai kuwa kau da kai daga farin idon ba kamar yadda mutane ke yi.

Rigima ta tashi ne wajen jera mu. Ya ce uwar yarinya ta zauna a kujera ta rungume ta, ya nuna ni. Na ce ni gwaggo ce, ga uwar can. Ya juya wajen Saude, ita kuwa tuni ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta koma can ƙarshe ta riƙe hannun Bala tana duban ƙasa. Ya roƙe ta, ta ƙi motsi. Sai na ga fuskarsa ta canza, ya ce da ni a hankali wai ko ƙyamar idon take yi, shi ya sha ganin irin haka. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce masa ya iya bakinsa, matar nan da ya gani ita ce ta sayar da karsanarta ta gado aka kai yarinyar birni, ita ce ke tashi ta dafa ruwan wankin ido ta ajiye a ƙofar ɗakina ta wuce. Kunya ce, ba ƙi ba. Ya ba da haƙuri, ya ce shekarunsa da yawa a ƙasar Hausa amma ashe da sauransa.

Daga ƙarshe ya ɗora Furera a kan wani turmi da ya kife, tsakanina da Inna, Saude tana gefe ta ba mu rabin baya. Ya ce kowa ya tsaya cik, kada a ƙifta, har sai ya buɗe murfin idon akwatin ya mayar. Amma rana tana dukan fuskokinmu, idon Furera kuwa ba ya son haske. Hawaye ya cika mata ido, ta kai hannu za ta share, turmin ya goce. Ni da nake kusa ban ankara ba, sai ji na yi an ce Furera da ƙarfi. Saude ce. Ta saki Bala, ta yi tsalle ɗaya ta cafe ta kafin ta kai ƙasa, mayafin ya faɗi, ga mutanen kasuwa sun kewaye mu. Tun ranar suna ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Saude kuwa da ta ga abin da ya faru ya riga ya faru, sai ta zauna a kujerar da yarinyar a cinya, ta ce wa Lamidi ya ɗauka.

Ka san abin dariya ba ya ƙarewa ko a gidan makoki. Da ya tsoma takardar farko a ruwa ya fito da ita, sai ga mu duka farare kamar zabiya, farin ɗankwalin Inna ya koma baƙi. Inna ta yi salati ta ce ya mayar da mu fatalwa. Lamidi ya yi ta dariya, ya ce haka abin yake, komai a juye yake fitowa, sai ya sake ɗaukar takardar sannan ta miƙe. A cikin juyayyar nan ƙwayar idon kowa fara ce, ta Furera ta hagu kaɗai ce baƙa. Na san aikin akwati ne ba ishara ba, amma sai da na roƙe shi ya bar mini ita, tana nan cikin adakata.

Da na gaskiyar ya bushe, ya miƙa wa Furera. Ta kai shi har yana taɓa hancinta, ta rufe mataccen idon da tafi, ta bi mu ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo kan uwarta ta daɗe ba ta motsa ba. Sannan ta ce ashe Adda kyakkyawa ce, ashe goshinsu iri ɗaya. Saude ta juya baya tana gyara goyon da babu shi. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, to ni ranar na ga fuskar Saude. Tun da muka dawo kunyar ta koma inda take, ba ta sake kiran sunan ba, amma yanzu ita ke ɗiga mata magani da hannunta, ni sai dai in riƙe kan.

Ga abin da ya sa na ba ka wannan dogon labari. Kullum sai Furera ta ɗauko hoton ta duba, ta ce tana haddace mu ne kamar allo, don in an rufe idon ta riƙa gani a ciki. Shekaranjiya ta tambaye ni kamannin babanta. Na ce dogo ne, baƙi, mai wushirya. Ta ce ai haka rabin mazan Kiru suke. Gaskiyarta, damina huɗu ke nan ba ka nan, kuma ko da kana nan in ta shigo zaure kai fita kake yi. In da hali ka taho kafin wata biyun nan su cika, zumunta a ƙafa take. In kuwa hanya ba ta ba ka ba, na ji an ce a Kumasi masu hoto sun fi masu sayar da ƙosai yawa. Ka je a ɗauke ka, ka cire hular nan da kake dannawa har gira, a ɗauki fuskar da girma yadda mai raunin ido zai gani, ka ba wa motar goro ta farko da za ta taso Kano. Kada ka ce sai ka gama ciniki, ba a fafe gora ranar tafiya. Ga ɗaya daga cikin hotunan na sa maka a cikin takardar nan, in kunya ta hana ka dubawa a gaban mutane, ka shiga ɗaki ka duba.

Inna tana sa maka albarka, ta ce ka riƙa cin abinci. Saude tana gaisuwa, Habu da iyalinsa suna gaisuwa, Malam Idi ma ya ce a sa tasa. Ka gai da mai masaukinka Malam Rufa'i da mutanen gidansa, ka gai da Sale ɗan Kawu Mamman, ka ce masa Halima ta sauka lafiya, an sami mace. Ka gai da Ɗantani da duk 'yan Kiru da ke Zango. Ku sa yarinyar nan a addu'a ranar Juma'a.

Furera tana zaune kusa da ni ana wannan rubutu. Na tambaye ta ko tana da saƙo, ta ce a gai da kai, kuma a gaya maka kada ka ji nauyi, ba sai ka dube ta ba, ita ce za ta dube ka.

Allah ya sada mu da alheri. Wassalam.

Ni ce yayarka,
Tasalla.