Ƙwan Kwaɗon Nana

Litinin, 2 ga Satumba, 2024

Yau na gano wani abu a rumfarmu ta wankin hula. Na zo dama sitaci, ruwan zafin ya yi kaɗan, sai ya dunƙule kamar ƙullin fura. Maigida Hamma ba ya nan. Don in ɓoye ɓarnata na mulmula shi ƙanana-ƙanana na watsa a tukunyar da ke kan wuta. Can sai ga su sun taso sama, garau da su, sai santsi. Wallahi ƙwan kwaɗo sak.

Mannir abokin aikina yana sallar La'asar, na cika masa takalminsa kambas da su. Da ya zura ƙafa, tsallen da ya yi har huluna uku suka faɗo daga kan katako. "Lado, ban yafe ba!" Na yi dariya har cikina ya ƙulle.

Sauran na ƙullo a leda. Na Iya ne.

Talata, 3 ga Satumba

Abin bai tafi yadda na shirya ba.

Na zuba su a ƙwaryar da kakata Iya take auna gero, na laɓe. Kafin ta fito, Nana ta riga ta. Nana 'yar Yaya Safinatu ce, shekararta uku. Tun bazara suka baro Ɗanzomo suka dawo gidanmu, da sanƙarau ya kama ta. Allah ya tashi kafaɗarta, amma hannun dama ya ƙanƙame, yatsun a dunƙule. Matar da ke yi mata gashi a asibiti ta ce in ba a riƙa buɗe shi kullum ba, haka zai sandare har girmanta. Ita kuwa ko kallon hannun ka yi sai ihu.

Ta tsoma hagu a ƙwaryar. Ta damƙa, suka sulle. Ta sake damƙa, suka sulle. Sai ta ƙyalƙyale da dariya. Rabon da mu ji wannan dariyar tun kafin ciwon.

Ina tsaye baki buɗe ta jefa ɗaya a baki. Sitacin rumfa ne, an dafa a tukunyar da ke shan bula da sabulu. Yaya ta zura yatsa ta zaƙulo shi, ta juyo ta dube ni. Da ma marina ta yi.

Laraba, 4 ga Satumba

Lafiyarta ƙalau. Alhamdulillahi, alhamdulillahi.

Juma'a, 6 ga Satumba

Kwana biyu Nana tana bina: "Kawu Lado, ƙwai." Yaya ta ce, ba ta kalle ni ba, "In za ka yi, ka yi da abin da ko ta haɗiye ba komai. Kuma idonka a kanta."

Na sayo rogo mai daɗi, irin na dafawa. Na fere, na goga a magogin kuɓewar Iya, na jiƙa, na tace da tsumma mai tsabta. An ce a bar shi ya kwanta, a tsiyaye ruwan, farin da ya zauna a ƙasa a shanya. Na goge ɗan yatsana har jini. Iya ta ce, "Wannan miji nawa, aikin gona ya gagare ka, ka koma aikin mata."

Na ce, "Ai don na ga matar tawa ta tsufa ne, nake koyon girki."

Ta jefe ni da mafici.

Lahadi, 8 ga Satumba

Na farko ya lalace. Ruwan ɗumi na sa, ya ƙi haɗuwa, sai wargajewa yake. Ashe sai yana tafasa fal-fal. Na biyu da ruwan zoɓo na kwaɓa, suka fito ja, na uku da gangamau, suka fito rawaya. Ƙanana na yi sosai, kamar ƙwayar dawa, don kada su shaƙe ta. In sun taso sai a bar su su ƙara dahuwa, a kwashe a zuba a ruwan randa.

Nana ta yi wasa har Azahar. Da hagu kaɗai. Hannun dama yana rungume a ƙirji kamar an ba ta ajiya.

Litinin, 9 ga Satumba

Iya ta kife kwanon wasan. Ta ce tun da take ba ta taɓa ganin an ba yaro abinci ya dama da hannu don wasa ba, haka albarka ke barin gida. Kuma da gaske take. Nana ta yi ta kuka.

Na tafi wurin Malam Ilu, wanda na yi allo a gabansa. Rabona da zaurensa tun ranar da na ɗaure wa almajiransa biyu bakin riga suna gyangyaɗi. Na zaci zai tuna. Ya tuna. Amma ya saurare ni har ƙarshe, ya ce abin da aka yi don magani ba wulaƙanci ba ne, sai dai kada a zubar a kwata, a ba dabba in an gama.

Na kawo wa Iya saƙon. Ta ce, "To kajina ne dabbar. Kada in ga ka ba na maƙwabta."

Allah ya saka wa Malam. Ban san zan taɓa rubuta haka ba.

Alhamis, 12 ga Satumba

An kai Nana gashi. Matar ta ce babu canji. Yaya ta dawo ta shige ɗaki, ko mayafi ba ta cire ba.

Asabar, 14 ga Satumba

Shekarata nawa ina shirya wa mutane tarko, a ce 'yar shekara uku ta gagare ni?

Da safe na ga Iya tana kwaɓa lalle, sai dabara ta faɗo mini. Nana akwai son kwalliya. Na ce, "Iya, ki yi wa kishiyarki ƙunshi mana, na hagu kawai." Ta harare ni, sai kuma ta gane. Ta lafta mata lallen, ta naɗe da leda, ta ɗaure da tsumma har wuyan hannu, ta ce, "Saura ki kwance, ya ƙi kamawa, a yi miki dariya."

Sai da aka gama na fito da kwanon, jajaye da rawaya suna sheƙi. Na ajiye a gabanta na kau da kai.

Ta dubi hagu. Ta dubi kwano. Ta ce in kwance mata, na ce ni ba ruwana, Iya za ta dake ni. Ta taɓe baki za ta yi kuka. Na tsoma hannuna ina ta wasa ni kaɗai, ina cewa kai, sanyi, daɗi.

Sai na ga hannun dama ya sauko daga ƙirji. A dunƙule ta tura shi ciki. Ta juya, ta juya. Ɗaya ya maƙale tsakanin babban yatsa da manuni, ta so ta riƙe shi, yatsun suka ɗan saki. Kaɗan. Amma na gani, Yaya ma ta gani daga bakin ƙofa, ta toshe baki da gefen zani.

Lallen ya kama ja wur.

Alhamis, 26 ga Satumba

Kullum ana yi. Hagun Nana ya sha lalle har ya koma baƙi, yanzu ma ba sai an ɗaure ba. Kajin Iya sun yi ɓul-ɓul. Matar asibiti ta ce yatsu uku suna buɗewa, ta tambayi me ake yi mata a gida. Yaya ta ce, "Ƙanena ne." Wai har ta ce in rubuto mata yadda ake haɗawa, don wasu iyayen. Ni.

Su Mannir sun tafi kasuwar Maigatari yawo, ban bi su ba. Akwai rogon da zan goga.

Juma'a, 4 ga Oktoba

Zan tafi masallaci, na zura ƙafa a kambas ɗina, na ji sanyi da santsi. Na daka tsalle. Ga Nana bayan randa tana dariya har da faɗuwa, Iya na taya ta.

Na zazzage. Guda bakwai, jajaye. Yaya ta ce ɗaya-ɗaya ta kwaso su daga kwano, tun daga gindin bishiya har zaure, kuma da dama. Sau bakwai ta je ta dawo.

Na yi ihu fiye da na Mannir, na ce ban yafe ba, don ta ji daɗi.

A masallaci na ga takalmin Mannir a bakin ƙofa, shi kaɗai, ba mai tsaro. Na gyara masa shi ya daina shan rana. Ba wani abu ba ne, a hanyata yake.

Nawa kuma gobe a nan zaure zan sake barinsa. Ɗan nesa da na yau kaɗan.