Marin da na yi wa Yaya Asabe

Daren Laraba, watan Rajab

Ya Rabbi, Ka yi mini afuwa, na sake dawowa da kukan nan.

Jinin ya dawo, kwana tara kacal da wankan tsarki. Likita ta ce muddin bai daidaita ba, samun ciki zai yi wuya, ga arba'in na haura.

Yau a gidan suna a Gyallesu mata suka tashi la'asar, ni na zauna. Yaya Asabe, yayar maigidana, ta ce, "Kullum fashin salla. Ina ciki zai zauna a rariya?"

Na ɗauke ta da mari har ɗankunne ya yaga mata kunne. Ni da ko muryata ba a ji.

Na yi istigfari, amma zuciyata ba ta huce ba. Ɗa guda nake roƙo. Ka amsa mini da wuri, kafin jinin ya ɗauke gaba ɗaya.