Sarƙa Ta Fito a Shimkent

Almati, Maris 2004

Yaya Yerbol,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Ya sanyin bariki? Mama ta ce ka riƙa sa safar da ta saƙa maka.

Ni kam na kasa zama wuri ɗaya. Tun da ka tafi aikin soja ka bar min Sarƙa, mujallarmu ta 'yan keken BMX, teburin kicin bai huta ba. Almakashi, gam, guntayen hotuna, jiya har a kwanon baursak, soyayyen burodinmu, Mama ta tsinci hoton tayar keke. Ka tuna fitowar farko, da ka rubuta da biro muka kai fotokwafi, fuskokin kowa suka fito baƙi ƙirin? Yanzu na gama ta takwas. Amma ƙanƙara ta ƙi narkewa, ba mai hawa, ba abin da zan ɗauka. In zauna, in tashi, in leƙa taga.

Ƙanwarka,
Raushan

Almati, Afrilu 2004

Yaya,

Ina fata ƙafarka da ka ce tana ciwo ta yi sauƙi. Mu lafiya lau, sai dai raina a ɓace yake.

Abokinka Daniyar ya dawo daga Shimkent da wata Sarƙa ta huɗu wadda ba tamu ba. Sunanmu ne a bangon, har zanen sarƙar da ka yi an kwafe, ciki kuwa mutanen da ban taɓa gani ba. Na ce sata ce. Daniyar ya yi ta dariya, wai ni da ban iya ɗaga tayar gaba ba har na zama uwar 'yan keke. Na kasa cin abinci. Kai ka ƙirƙiro abin nan, ba zan bari a ƙwace shi a hannuna ba. Na yanki tikitin jirgin ƙasa zuwa Shimkent. Mama ta ɗauka gidan Gwaggo Saule zan je, to zan biya ta can ɗin.

Taka,
Raushan

Shimkent, Afrilu 2004

Yayana,

Gaisuwa daga kudu, inda har itatuwa sun yi fure. Ya jiki?

Na sami masu waccan Sarƙar a bayan wata tsohuwar masana'anta. Yaya, tudun katakon da ka zana a fitowa ta uku, shi na gani a tsaye, suna tsalle a kai. Babbansu Askat, mai walda, ya nuno min ta ukun. Kwafin kwafi ce, ta dushe har rubutunka ya kusa ɓacewa, wani ya bi kansa da biro. Ita kaɗai ta taɓa iso musu. Na fara faɗan da na shirya tun a jirgi, ya bari na gama, sannan ya ce, "Mun yi ta jiran ta huɗu ba ta zo ba. Mun ɗauka kun daina, mu kuma ba mu so ta mutu."

Sai na zauna. Na sha shayinsu, na ƙarar da fim ɗin kyamarata a kansu.

Na ce su za su yi ta tara, mu ta goma, duk garin da ya nema kuma a ba shi layi. Na yanke wannan ban tambaye ka ba. In za ka yi faɗa, rubuto shi da kyau. Askat ya bar maka shafin farko.

Ƙanwarka mai kewarka,
Raushan