A Gina Mana Dakali, A Riƙe Bencin Araha

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Ayyuka na majalisar gundumarmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali da sauran 'yan majalisa, ranka ya daɗe, sunana Idi, manomi ne ni, mutumin Fassi a ƙasar Kibiya. Ban taɓa bari an biyo ni gida neman haraji ba. Ranar kasuwa na ji mai shela yana cewa za ku sake sayo bencuna don harabar ɗakin shan maganinmu, wai masu araha kuka zaɓa don kowane gari ya samu. Wallahi tun da na ji haka zuciyata ba ta kwanta ba, kuma ga dalilaina.

Na farko, maganar yayana Sale. Kurkunu ya fito masa a gwiwa tun farkon damina, ƙafar ta sandare, ba ta lanƙwasuwa, don haka ba ya iya zaman tabarma. Na kai shi wankin miki, muka tarar benci ɗaya ya rage a gindin darbejiya, shi ma ashe gara ta cinye shi ta ciki, fenti kawai ke rufe da shi. Yaya yana zama sai ya karye da shi. Dattijo mai furfura, mai jikoki, ya faɗi rigingine cikin taɓo, riga ta yaye, a gaban mata, cikinsu har da matar babban ɗansa. Sai da muka taru muka cicciɓe shi kamar buhun gero. Ba ciwon ba, kunyar ce ta cinye shi. Tun ranar ya rantse ba zai ƙara taka wurin ba. Yanzu ganye ake ɗaura masa a gida, mikin ya fara wari, ciyawa kuma ta ci ƙarfin gonarsa.

Na biyu, ina tsofaffin bencunanmu? Da wurin yana da na katakon maɗaci, masu nauyi, sai ƙarti biyu ke ɗaga ɗaya. Sun sha ruwa sun sha rana shekara da shekaru, gara ba ta kusance su ba. Lokacin shagalin samun mulkin kai mota ta zo ta kwashe su, aka ce manyan baƙi za su zauna a kai, a shafa musu fenti a dawo da su. Har yau shiru. Ban ce na san inda suke ba. Amma da na kai gyaɗa Rano na ga wani benci a ƙofar wani gida, da saran gatari a gefensa, kuma wannan saran na san shi sarai. Ban kira sunan kowa ba, ranka ya daɗe, na dai faɗi abin da idona ya gani.

Na uku, wannan arahar da ake ta faɗi. Waɗanda aka kawo a madadinsu farin katako ne irin na akwatin kaya, damina ɗaya ta gama da su. Bara an sayo, bana an sayo, ga shi za a sake sayowa. To ina arahar take? Ni ban yi karatun boko ba, amma na san fartanyar da zan saya kowace shekara ta fi wadda zan saya sau ɗaya tsada. Kuma me ya sa kullum ɗan kwangila guda ne, kullum kuma kayan a shafe da fenti mai kauri suke zuwa, ba mai ganin katakon? Ga su sakayau, mutum ɗaya ke ɗora biyu a ka. Duk mai bikin suna ko zaman makoki a gidan manya sai ya aiko aro, mai gadi kuwa ina ya ga bakin hanawa? Wanda ya dawo a karye yake dawowa, wani ma ba ya dawowa.

Na huɗu, kuma shi ya fi tsaya mini a rai. Mun aika ta bakin dagaci cewa a gina mana dakali na dutse da siminti. Dutse Allah Ya hore mana shi a ƙasar nan, yashi ga shi a rafi, aiki kuwa gayya za mu yi. Siminti kaɗai muka roƙa. Aka dawo mana da amsa wai dakali ba zamani ba ne. Haba! Mara lafiya zamani ya zo nema? Ni dai zargina, kuma Allah Ya yafe mini in na ɗauki alhakin wani, laifin dakali biyu ne: ba a sayensa kowace shekara, kuma ba ya hawa mota.

Don haka ina roƙo a dakatar da wannan saye tukuna. A turo mutum mai amana ya karce fentin ya ga katakon da idonsa. A binciki inda na maɗacin suka shiga. Sannan a ba mu simintin nan, in kuwa majalisa ba ta da hali, a ba mu izini kawai, ko na laka ne mu gina mu riƙa yaɓe da kanmu.

Jiya na sake lallashin Yaya. Ya ce zai koma, amma sai in ni da kaina na fara zama a wurin, na jijjiga, na rantse masa ba zai karye ba. Ranka ya daɗe, a kan bencin da kuke shirin sayowa ba zan iya wannan rantsuwa ba, ƙafar tasa kuma ba za ta jira zaman majalisa na gaba ba.

Allah Ya ƙara maka lafiya da adalci, Ya tsare ka daga mugun mashawarci, Ya raba ka da ranar da za a cicciɓe ka a gaban surukanka.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Idi, Fassi.