Ranar da Baba Ya Taka Birki

Ketare, ta Kankara,
9 ga Disamba, 1957.

Zuwa ga ƙanena Malam Harisu, a Ikko.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Zulaihatu da yara. Allah ya ƙara rufa asiri, ya tsare ku a wannan gari mai nisa. Mu nan lafiya lau muke. An gama yankan dawa, gyaɗa ta fi ta bara kyau, ƙafar Inna ta yi sauƙi har tana fita unguwa, jar saniyarka kuma ta haifi mace.

Saƙonka ya iso. Na je tashar jirgi a Funtuwa da kaina na karɓo shi, mastar birki sabuwa fil a cikin takardarta mai maiƙo, da gwangwani biyu na man birki. Allah ya saka maka. Tun da kai ka sha yawon nemanta, ya kamata ka ji dukan labarin, har da wanda na ɓoye maka a takardar farko.

Na ce maka tsufa ne ya kashe tsohuwar mastar. To, da hannuna a ciki. Ita wannan aba ƙaramar tukunyar ƙarfe ce a ƙarƙashin ƙafar direba, in ka taka birki ita ke tura mai zuwa ƙafafun mota huɗu. Da damina ta fara yoyo muna Damari, babu man birki ko na ɗigawa a ido daga nan har Funtuwa. Sai na ce mai ai mai ne, na sayi man gyaɗa wajen wata mai ƙuli-ƙuli na ɗura. Ni da na baro makarantar Midil a aji biyu, na fara da faci na keke har na mallaki mota kitika ba da kwabon kowa ba, ban ga wanda zan tambaya ba. Mako uku tana aiki, ina ta yi wa direbobi fankama. Rannan a gangarar da ke kafin Faskari na taka, ƙafata ta tafi ƙasa kamar na taka kunu. Giya da birkin hannu da gonar wani bawan Allah su suka tsayar da mu. Ba wanda ya ji ciwo sai dawarsa.

Labarin ya riga ni isowa gida, kuma ya zo a mugun lokaci. Yanar idon Baba ta ƙaru sosai, har ya bar gane mutum sai da murya, ya ajiye Alƙur'aninsa yana karatu da ka. 'Yar'uwarmu Lauratu ta aiko daga Kano cewa likitan ido ya ce a kawo shi kafin abin ya fi haka. Baba ya ce wa Inna ta gaya wa mai motar nan, wato ni, cewa shi ya yi shekara talatin yana fatauci da jakuna, bai taɓa hawa abin da za a ce masa tsaya ya ƙi ba, kuma ba zai fara da furfura ba. Ka san yadda muke da shi. Ni ɗan fari ne, sunana ba ya fita bakinsa, maganarmu ba ta wuce gaisuwa, sauran sai ta bakin Inna. Ta ina zan lallashe shi? Na aika liman, na aika Kawu, duk amsa ɗaya.

Ranar Laraba da hantsi na ɗora motar kan duwatsu a ƙofar gida, na shiga ƙarƙashinta. Na kwance bututun, na cire notuna biyu, tsohuwar ta fito robarta ta narke kamar danƙo. Na wanke hanyoyin man, na ɗaura wadda ka aiko, ta zauna daram. Saura cire iska, shi kuwa aikin mutum biyu ne: ɗaya yana kujerar direba yana takawa, ɗaya yana kwance wajen ƙafar mota yana buɗe ɗan noti iskar ta fita. Mazan gida duk suna gayyar ɗaukar dawa. Ina nan kwance ina gunaguni ni kaɗai, ashe Baba yana kan buzunsa a gindin durumi yana ji. Sai na ji ya ce, kamar da bishiyar yake magana, in dai taka abu ne kawai ai ƙafa ba ta makance ba, kuma motar da ke tsaye kan duwatsu ba inda za ta kai mutum.

Harisu, na kama hannunsa na hau da shi. Ya tuɓe takalmi ya lalubi birkin da yatsunsa. Sai wata matsala: yaya zan kwanta ina ce wa mahaifina taka, riƙe, saki, kamar ina koyar da yaron mota? Na ce masa zan riƙa buga sifana a ƙarfe, bugu ɗaya ya taka ya riƙe, biyu ya saki. Muka fara. Kunnensa ya haɗa buguna da dakan matan maƙwabta, ya saki tun ban rufe notin ba, iska ta koma ciki. Sau uku haka, rabin gwangwani ya tafi a ƙasa. Can ya buga ƙofar motar da tafin hannu, ya ce shi mutum ya haifa ba maƙera ba, in buɗe baki in yi magana.

Na yi. In ce taka ya taka, in ce saki ya saki. Kafin mu gama ƙafa ta biyu har shi ke tambayata ko kumfar ta ƙare, yana gaya mani birkin ya fara tauri ƙarƙashin ƙafarsa. Ya tambaye ni abin da ya kashe na farkon, na gaya masa gaskiya. Ya yi dariya har da tari, ya ce ko jakinsa na Gwanja bai taɓa ba shi abin da bai san cikinsa ba. Rabona da jin dariyarsa a kusa haka, ban iya tunawa. Da muka kai ƙafa ta huɗu ya taka da dukan ƙarfinsa, birkin ya tsaya cak a rabi. Ya daɗe da ƙafarsa a kai. Da azahar Inna ta ce mani wai Baba ya ce a shirya, Asabar za a tafi Kano.

Mun je, an yi aikin idon dama, ya kwana goma sha biyu wajen Lauratu, na koma na ɗauko shi. Yana gani, Harisu. Ya karanta adireshinka a bayan takarda, ya ce rubutunka ya lalace. Na hagu sai bayan salla.

Abu ɗaya zan roƙe ka. Zuwa da dawowa a gaba ya zauna kusa da ni, kuma duk gangarar da muka iso sai ya danna ƙafarsa a daɓen motar da ƙarfi, a daidai lokacin da ni nake taka nawa. Yanzu yana gaya wa tsofaffi a ƙofar masallaci cewa mu biyu muka tsayar da ita har Kano, don wancan, wato ni, ba a sakar masa ita shi kaɗai. Na ga yana kallon wurin da idon nan sabo, ya san sarai babu komai a ƙarƙashin ƙafarsa. Bai ce ba, ni ma ban ce ba. In ka zo da salla ya ba ka labarin, ka karɓa yadda ya ba ka.

Inna tana gaishe ka, ta ce ka aiko da hoton yaran. Matata Saudatu tana gaida Zulaihatu. Kawu da liman suna sa maka albarka. Ka gaishe mani da Hadi na Sabuwa in kuna haɗuwa, ka ce mahaifiyarsa tana lafiya. Allah ya sada mu da alheri.

Ni ne yayanka,
Almu Mai Kitika.