Madallar Baba

Yayana,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kana lafiya, kai da matarka da yara. Ya ciwon bayan nan naka? Na san ba ka shan magani, taurin kai gadonmu ne.

Fim ɗina ya kusa kammaluwa, amma raina a dagule yake. Akwai wurin da yaro ya kawo wa ubansa mai gyaran agogo sakamakon jarrabawa, ya faɗi, uban ya ce masa madalla. Sau goma sha ɗaya muna ɗauka, ɗan wasan da ya fito a uban sai ya yi murmushi. Na daka masa tsawa, na ce kada ya ɗago kai daga agogon, kada ya cire gilashin idonsa. Ma'aikata suka yi cirko-cirko, wai ba a faɗin madalla haka. Sai lokacin na gane a gidanmu kaɗai kalmar take nufin ka shiga uku.

Ban yi niyyar saka Baba ba, wallahi, hannuna ne ya rubuto shi. Yaron kuma kai ne, har da jakar da ka fita da ita shekara tara da suka wuce. Ina jin tsoron ranar da Baba zai gani.

Ƙanwarka,
Auta

Yayana,

Bayan gaisuwa, saƙonka ya iso. Ka ce in bar kaza cikin gashinta, in yanke wurin. Ka makara.

Jiya Baba ya zo ɗakin da muke tace fim, wai ya kawo mini agogona. Kafin in hana, mai tacewa ya kunna masa. Ya matso da kujera dab da allo, don idanun sun yi rauni. Na zaci zai yi faɗa. Sai ya ce wannan uba ba shi da imani, a ina na samo shi? 

Ya daɗe yana juya hularsa. Da ya kai ƙofa, bai juyo ba, ya ce, "Yaron yana dawowa a ƙarshe?"

Na ce ban gama ba tukuna. Ƙarya na yi. A fim ɗin bai dawo ba, don ban taɓa ganin yadda ake dawowa ba, balle in rubuta.

Ya ce zai sake leƙowa ranar Laraba ya ji. Yaya, me zan ce masa?

Ka shafa mini kan yara.

Taka,
Auta